Goggo Waƙafi da Takardun 'Yan Adabi

Yayata ta shekara ashirin da takwas tana buga wa mutane takardu a wani ɗan shago da ke kallon ƙofar kwaleji. Shagon bai fi taku huɗu a tsaye, taku uku a kwance ba. Daga damarsa mai aski ne, daga hagu mai gyaran agogo, ni kuma kemis ɗina yana tsallaken titi. Saboda haka yawancin abin da zan faɗa da idona na gani, sauran kuwa ita ta ba ni da bakinta, kuma Yaya idan ta ɗauko labari ba ta barin komai a ƙasa.

A aji uku na sakandare ta tsaya da karatu. Babanmu direban babbar mota ne, ciwon baya ya kwantar da shi har shekara biyu, mu kuma mu shida ne, ita ce babba. Ba wanda ya ce ta bari. Wata safiya kawai ta ninke kayan makarantarta ta miƙa mini, ta tafi koyon tafireta wajen wata tsohuwar sakatariya da ke bayan layinmu. Cikin wata takwas ta fi mai koya mata sauri. Da tafireta ta fara sana'a, mai ƙara kamar ana sassaƙa, daga baya ta sami kwamfuta da injin fotokofi, wanda ya cinye rabin shagon ya bar mata wurin kujera ɗaya da benci.

Ɗalibai ne suka sa mata suna Goggo Waƙafi. Idan yaro ya kawo mata rubutu mai doguwar jimla, sai ta miƙa masa takardar ta ce, "Ɗana, karanta mini wannan da ƙarfi." Sai ya yi ta karantawa har numfashinsa ya ƙare. Sai ta ɗora yatsa a wurin ta ce, "Nan ka shaƙe, nan za mu sa waƙafi." Sunan ya bi ta har gida. Yau ko surukanta da shi suke kiran ta.

Shekararta ta shida a shagon ne Dogon Malam ya fara zuwa. Shi ke koyar da adabin Ingilishi a kwalejin, mutum ne siriri da sai ya sunkuya yake shiga ƙofar Yaya, kullum da jan biro a aljihun gaba. Ya kawo mata shafi sittin na rubutun hannu, ya ce bayanin muhimman kalmomin adabi ne da taƙaitaccen tarihin manyan marubuta, yana so a buga, a yi kwafi ɗari biyu don 'yan aji ɗaya. Rubutun Malam kuwa sai ka ce tururuwa ta faɗa cikin tawada ta fito tana neman hanyar gida. Yaya ta kwana huɗu tana fama da shi. Ta buga, ta yi kwafi, ta ɗinke, aka kwashe.

Bayan mako biyu sai ga Malam ya tsallako titi da sauri, takarda ɗaya a hannu. Ina tsaye a bakin kemis na ga yadda yake tafiya, na ce yau akwai magana, na bi bayansa.

Ko zama bai yi ba ya ce, "Baiwar Allah, kin kashe mini marubuci shekara ɗari da arba'in kafin a haife shi."

Yaya ta ce, "Innalillahi. Wanne daga ciki?"

Ya nuna mata. Ashe wata ɗaliba ce ta ɗaga hannu a aji ta tambaya ko a ƙasar Turawa ana fara mutuwa ne kafin a zo duniya, ajin kuwa ya kwashe da dariyar da sai da malamin ajin kusa ya leƙo.

Yaya ba ta yi musu ba. Ta jawo durowa, ta fito da ainihin rubutunsa, don ba ta yar da takardar kowa, ta buɗe shafin ta ajiye a gabansa. "Malam, don Allah wannan bakwai ce ko tara?"

Ya duba. Ya cire tabarau ya duba, ya mayar ya sake dubawa. Can ya ce, "Lokacin da na rubuta ta dai bakwai ce."

Mai aski, wanda ya bar mutum da rabin kai ya zo kallo, shi ya fara dariya. Malam ya daure, ya daure, shi ma ya saki. A nan suka yi yarjejeniyar da ta daɗe fiye da auren wasu: duk aikin da zai kawo, zai zauna a benci ya karanta mata da baki, ita kuma duk abin da ba ta gane ba za ta tsayar da shi ta tambaya. Ta ce masa, "Abin da ya ja mini shi ne ina buga abin da ban san ma'anarsa ba. Da na san mutumin, da ban yi masa haka ba."

Malam ya ɗauka tambaya biyu ko uku za ta riƙa yi. Aikin da ya kamata a gama cikin awa ɗaya sai ya koma na yini. Zai karanta, "Simili," sai yatsunta su tsaya cak.

"Mene ne shi?"

"Kamance. Ki kamanta abu da wani abu, ki sa kamar ko tamkar a tsakani. Ki ce wane kamar zaki."

"To, na gaba fa, metafo?"

"Siffantawa. Nan ba kamar. Kai tsaye za ki ce wane zaki ne."

"Ashe na biyun ya fi ƙarfin hali," in ji ta. "Na farkon yana barin ƙofar gudu." Ta ci gaba da bugawa.

Malam ya gaya mini daga baya cewa ya shekara goma sha biyar yana koyar da waɗannan kalmomi biyu, bai taɓa tunanin wanda ya fi wani ƙarfin hali ba. Washegari ya faɗa wa ajinsa haka, bai ce daga ina ya samo ba.

Wanda ya fi kowa shan wahalar wannan karatu shi ne mijinta. Kafinta ne, mutum mai sanyin rai, mai son shayinsa da zafi da rediyonsa a gefe. Duk kalmar da Yaya ta koyo da rana, a kansa take gwada ta da yamma. Wata rana na je gidan, yana tsakar gida yana goge wani katako yana yi masa faɗa, wai ya sayo shi a miƙe ga shi ya lanƙwashe. Yaya ta taɓa ni ta ce, "Kin ji solilokwi. Mutum shi kaɗai a fage yana faɗin abin da ke ransa, 'yan kallo suna ji."

Ya ɗago kai ya ce, "Maman yara, in zagi ne ki fassara mini, in rama."

Ranar da ta koyo aironi kuwa, ta jawo kujerar da ke falonsu, wadda ƙafarta ɗaya ta fi sauran gajarta tun ina budurwa, ana cusa mata kwali a ƙasa. Ta ce, "Malam ya ce aironi shi ne abin da ya fito saɓanin yadda kowa zai zata. Misali, a zo gidan wanda ya yi wa rabin unguwa kujeru a tarar da wannan." Washegari da safe mijin ya gyara kujerar. Ta ce wannan ne karo na farko da ta ga amfanin adabi da idonta.

Akwai kalmar da ta daɗe tana kira haifabol, yadda ta ga an rubuta ta. Mijin ya ji ta yana alwala ya ce, "Wace ce kuma ta haifi bol?" Malam ya gyara mata furucin, ya ce ma'anarta kambamawa, wato ƙara wa zance gishiri har ya wuce misali. Ta ce ai wannan ba sai an je kwaleji ba, a zauna wajen mai aski minti goma. Shi ne mutumin da ya ce ya taɓa yi wa mutum ɗari uku aski a yini ɗaya, da almakashi ɗaya, wuta kuma a ɗauke.

Marubutan kuma wata hanya ta bi da su. A littafin Malam kowane marubuci yana da ɗan hotonsa, kuma duk lokacin da inji ya ɓata shafi, maimakon ta yar, sai ta yanke hoton ta manna a bangon da ke bayan kujerarta. Ta jera su bisa tsarin zuwansu duniya, na da can a sama, na baya-bayan nan a ƙasa, kamar yadda ake lissafa dangi. Sunayensu na gaskiya ta san su sarai, tana iya rubuta su ba kuskuren harafi ɗaya, amma a bakinta kowa da laƙabinsa. Akwai Mai Sanƙo, akwai Mai Saje, akwai Mai Wuyan Riga, akwai wata da take kira Yarinyar Taga don a hoton tana kallon gefe kamar mai jiran baƙo. Ta san wanda ya yi waƙa, wanda ya yi wasan kwaikwayo, wanda ya yi ƙagaggen labari. Ta san wanda ya mutu da ƙuruciya, kuma idan ta zo kansa takan ce, "Wannan bai daɗe ba, bawan Allah," da muryar da take yin ta'aziyya.

Ba a jima ba ɗalibai suka gano. Yaro zai kawo fotokofin shafi biyu, yana jira yana haddar wani abu a ƙarƙashin numfashi, sai ta ji ya karkace ta ce, "A'a, ɗango goma sha huɗu ne waƙar sonet, ba goma sha biyu ba." Daga nan sai ya zauna. Gobe ya zo da abokinsa. Kafin jarrabawa bencin nan mai cin mutum uku yakan ɗauki shida, wasu a tsaye a bakin ƙofa har suna tare wa mai gyaran agogo haske. Ba ta taɓa karɓar ko sisi a kan wannan ba. Abin da kawai take cewa shi ne kada a jingina da injinta.

Yadda take bayani ne ya sa suke zuwa. Wata yarinya ta ce ta kasa bambance jigo da zubi. Yaya ta tambaye ta, "Jiya an yi faɗa a ɗakin kwananku?"

"An yi, Goggo."

"Ba ni labari."

Yarinyar ta zayyano: wance ta ɗauki bokitin wance, waccan ta zo ta tarar, aka yi cacar baki, shugabar ɗaki ta raba.

"To, wannan da kika jero, abu na bin abu, shi ne zubi. Yanzu gaya mini, a kan me aka yi faɗan? Kada ki ce bokiti."

Yarinyar ta ce, "Raini ne."

"Jigo ke nan. Tashi ki ba wani wuri."

Haka aka yi shekaru. Ni kaina da nake sayar da maganin tari na san mutuntarwa, wato a ba abin da ba mutum ba halin mutum, don kullum sai Yaya ta ce injinta ya tashi da fushi.

Sai wata shekara abin ya ba ta kunya. Wasu ɗalibai huɗu suka kawo mata wata waƙar Ingilishi da aka ba su aikin gida a kanta, suka ce sun nemi amsa-amo sun rasa. Yaya ta duba ƙarshen ɗangogin, ta ga ba wanda ya yi kama da wani. Ta ce musu kai tsaye, "Wannan ba waƙa ba ce. Zance ne aka yayyanka. Ku rubuta haka." Suka rubuta haka, su huɗun. Malam ya zabga musu jan biro tun daga sama har ƙasa, da ya matsa musu kuma suka ce Goggo ce ta faɗa.

Da ya zo bai yi faɗa ba. Ya zauna a benci ya ce akwai waƙoƙi da yawa da ba su da amsa-amo, wasu ma ba su da tsayayyen kari, kuma bayanin yana shafi na talatin da ɗaya na littafin da ita ta buga da hannunta sau tara.

Ta ce, "Na san kalmar, Malam. Ban taɓa ganin abin ba ne."

"Cikin mutanen nan na bango, littafin wa kika taɓa karantawa?"

Yaya ta juya ta kalli bangon. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ko ɗaya."

Ta gaya mini ranar ba ta iya cin abincin rana ba. Abin da ya fi damun ta ba kunyar ba ce, yaran nan huɗu ne da suka yarda da ita. Ta aika aka kira su ta ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya, ta ce daga yau duk abin da ta faɗa su je su duba, don ita mai buga takarda ce, ba malama ba. Ɗayansu ya ce, "Goggo, ai maki biyar ne kawai." Ta ce ko rabin maki ne ba nata ba ne da za ta zubar.

Bayan kwana biyu Malam ya aiko mata da littafi, ƙagaggen labari na Yarinyar Taga, bangonsa ya sha salatif, da ƙamus ƙarami a kai. Yaya tana da shekara arba'in da uku a lokacin. Ta fara. Shafin farko ya ci mata kwana uku. Tana karantawa tsakanin kwastoma da kwastoma, littafi a cinya, ƙamus a kan inji, fensir a bayan kunne. Jimlolin suna da tsawo, ta ce, amma matar ta san inda ake numfashi.

Wata bakwai ta yi a kansa. Wajen wata na uku ta daina duba ƙamus sosai, ta fara jin haushin mutanen ciki. Na shiga wata rana da rana tsaka na tarar ta haɗe rai. Na ce lafiya? Ta ce, "Wannan yarinyar ce. Ga mutumin kirki a gabanta, ta tsaya sauraron mai daɗin baki. Tun shafi na casa'in na gane maƙaryaci ne." Na ce to ki gaya mata mana. Ta ce, "Ke ba ki da tausayi."

Ranar da ta gama, ta rufe shago da wuri, abin da ba ta yi ba ko ranar da aka sa wa 'yarta ta fari rana. Ta tsallako kemis ta zauna a kujerar masu jiran magani, ta ce, "Ƙanwata, ashe haka abin yake. Shekara goma sha biyu ina gaya wa yara ma'anar tauraron labari, ban san mutum yana kewarsa idan littafi ya ƙare ba."

Daga nan ba ta tsaya ba. Ta karanta wasan kwaikwayo na Mai Sanƙo, ta ce Ingilishinsa ya tsufa har ya yi furfura, sai da Malam ya riƙa zuwa duk ranar Laraba suna bi layi-layi, shi yana karanta muryar maza, ita ta mata, mai gyaran agogo yana saurare ta bango yana tambayar wa aka kashe yau. Ta karanta waƙoƙi, masu amsa-amo da marasa shi. Wasu ta so su, wasu ta ce ko an rataye ta ba ta gane abin da mutumin yake nufi ba, kuma ta daina jin kunyar faɗin haka. Bayaninta ga ɗalibai ma ya sauya. Da, ma'ana take ba su. Yanzu sai ta ce, "Kawo littafin, mu ga inda abin yake."

Malam ya yi ritaya a shekarar da idonsa ya fara ba shi matsala. Aka kawo wata matashiyar malama a madadinsa, mai kirki, amma ita ta waya take tura wa ɗalibai komai, ba ta bukatar kwafi ɗari biyu. Aikin shago ya ragu, ya koma takardun neman aiki da katin gayyata da kundin 'yan ajin ƙarshe. Yaya ta sami lokacin da ba ta saba da shi ba. Wata safiya ta shigo kemis da hoton fasfo guda biyu a hannu ta ce, "Duba mini, wanne ya fi kama da ɗaliba?"

Ta yi rajistar jarrabawar kammala sakandare, irin wadda ake zaunawa daga waje, tana da shekara hamsin da ɗaya. 'Ya'yanta suka kasu biyu. Babban ya ce me za ta yi da takardar, aiki za ta nema? Ta ce a'a, so take a tambaye ta, ta amsa, wani wanda bai san ta ba ya duba. Ƙaramar kuwa, wadda ke koyon aikin jinya, ita ta saya mata jakar fensir mai zif. Mijin ya yi mata ɗan teburin karatu, ƙafafunsa huɗu daidai, ya kira ni musamman in zo in shaida.

Ranar jarrabawar adabi ni na raka ta har ƙofar zauren. Yara ne cike, sa'o'in jikokin wasu. Mai sa ido a ƙofa wani mutum ne mai ƙiba da katin aiki a wuya. Yana ganin ta ya washe baki ya rusuna.

"Goggo, ina kwana. Takardu kika kawo mana? Ofis yana ta can baya."

Ashe yana cikin waɗanda suka taɓa cika mata benci. Ta miƙa masa katinta ta ce, "Kujera ta saba'in da biyu nake nema, ɗana."

Ya duba katin, ya dube ta, ya sake duba katin. Ya raka ta har kujerar, ya goge mata ita da hankicinsa, sannan ya sunkuya ya ce a hankali, "Goggo, ni ne fa zan ce a ajiye biro."

Ta ce, "In ka ce, zan ajiye."

Ta fito bayan awa uku tana murza yatsu. Ta ce tambayoyin ba su da wuya, hannunta ne ya manta rubutu da biro, shekara talatin yana danna maɓalli. Ta ce kuma akwai tambaya ɗaya da ta tsaya gardama da ita har ta cinye mata lokaci: an ce a nuna yadda wani mutum a wasan kwaikwayo ya jawo wa kansa halaka, ita kuwa a ganinta matarsa da abokansa suna da kaso. Ta rubuta musu hakan, shafi biyu.

Sakamako ya fito bayan wata uku. A shagonta aka duba, a kwamfutarta, ita ta buga lambar da kanta, mu biyar a tsaye a bayanta har da mai aski. Adabi ta ci da daraja mai kyau ƙwarai, Ingilishi ma haka. Tarihi ta tsallake da ƙyar. Lissafi kuwa ta faɗi, faɗuwar da ba ta bukatar bayani.

Ta fitar da takardar, ta sa a leda, muka hau mota zuwa gidan Malam. Yana zaune a baranda, idon ya yi nauyi sosai a lokacin, sai ya ce ta karanta masa. Ta karanta duka, ba ta tsallake lissafin ba. Ya yi dariya har da tari. Sannan ya shiga ciki yana lalube, ya fito da wani kwali cike da littattafai, ya ce shi yanzu ba sa yi masa amfani a jere a kan kantar ɗakinsa, ta tafi da su, amma da sharaɗin duk wanda ta gama ta zo ta ba shi labari, ya ji ko har yanzu yana nan yadda ya bar shi. Tana zuwa duk ƙarshen wata. Matarsa ta ce in suka fara musu a kan wani marubuci, har maƙwabta sukan ɗauka rabon gado ake yi.

Sabuwar malamar ma ta ji labari. Ta zo shagon da kanta ta roƙi Yaya ta shigo aji ta yi wa 'yan aji ɗaya magana. Yaya ta ƙi, ta ce ita tsayuwa gaban allo ba nata ba ne. Amma ta ce duk wanda aka turo mata, ƙofa a buɗe take. Yanzu malamar takan rubuta a ƙarshen saƙon da take tura wa ɗalibai cewa wanda bai gane ba ya tsallaka titi.

Mun ɗauka shi ke nan, ta huta. Sai watan jiya na je gidan da yamma na tarar da ita da mijin a tsakar gida, ya shimfiɗa katako a kan jakin aikin kafinta, tef ɗin awo a hannunsa, ita kuma da littafin rubutu. Ta sake yin rajista, lissafi kaɗai. Shi ke koya mata.

Yana cewa, "In na raba wannan gida huɗu na ɗauke uku, me ya rage?"

Ta ce, "Ɗaya bisa huɗu. Wannan na gane. Wanda ban gane ba shi ne inda suke cusa haruffa cikin lissafi. Me ya kawo harafi nan?"

Ya ce, "Wannan sai dai ki tambayi 'yarki. Ni a sana'ata ba mu yanka harafi." Ya juyo gare ni yana murmushi. "Shekara ashirin ana gwada mini Turanci a gidan nan. Bari in ɗan ji daɗin nawa lokacin."

Yaya ta ce ya yi a hankali, jarrabawar saura wata huɗu. Ta turo mini kujera da ƙafa, ta ce in zauna in riƙe musu bakin tef ɗin.